Amsa ga Malam Bala kan ƙidaya da sirrin gidanmu

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malam Bala, na saurari muryarka inda kake tambaya ko doka ta ba ka damar ƙin amsa wa malaman ƙidaya idan sun yi sallama a ƙofar gidanka. Ni da kai mun san ba ƙirgar ce ke damunka ba. Damuwarka ita ce hannun da sunanka da na iyalinka za su faɗa bayan an rubuta su, balle a gari irin Jos, to a kan wannan zan yi magana.

Batun ƙin amsawa dai ka cire shi daga ranka. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ƙidaya cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma dokar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta mayar da ƙin ba da bayani laifi. Shi ya sa lokacin da Legas ta ƙi amincewa da miliyan 9 da ɗoriya da aka ba ta a 2006, ta fito da nata lissafin na sama da miliyan 17, ba wanda ya yi rabon arzikin ƙasa da shi. Mu kuwa da ke Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo, idan muka rufe ƙofa kanmu muka yi wa, domin wanda ba a ƙirga ba ba a yin kasafi da shi.

Amma ikon ƙirga mutane yana da iyaka. Sashe na 158 na kundin tsarin mulki ya ce babu mai ba hukumar umarni wajen ɗaukar ma'aikatan ƙidaya, da gudanar da aikin, da haɗa rahoto, ko da shugaban ƙasa ne. Sashe na 213 kuma ya ce idan Majalisar Magabata ta Ƙasa, wadda gwamnoni da tsofaffin shugabanni ke ciki, ta ga alƙaluman ba daidai ba ne, dole shugaban ƙasa ya yi watsi da rahoton. Sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa a waya. Sannan ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ce abin da aka karɓa don wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wadda ta saɓa mata, ta kuma sa addini da ƙabila da lafiya cikin bayanan da ake tsananta kariya a kansu. Abin da ya kamata ya fito daga ƙidaya jimla ce, wato mutum nawa ne a ƙaramar hukuma kaza, ba jerin sunayen masu kwana a gida kaza ba.

Addini da ƙabila, waɗanda na san su ne a ƙasan maganarka, ba a tambaye su ba a 1991, ba a tambaye su ba a 2006. Sai dai ba tsarin mulki ne ya hana ba, gudun rigima ne, tun da an ga yadda ƙidayar 1973 ta ƙare har Janar Murtala ya soke ta a 1975. Abin da siyasa ta cire, siyasa za ta iya mayarwa.

Inda ni kaina ban natsu ba shi ne sashe na 45, wanda ya yarda a taƙaita haƙƙin sirri saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a, kuma dokar 2023 ma ta yi wa jami'an tsaro irin wannan sassauci. Amurka tana da dokar da ta hana bai wa kowa amsar mutum, ba a buɗe takardun sai bayan shekara 72, amma a 1942 majalisarsu ta sassauta ta saboda yaƙi, hukumar ƙidayarsu ta taimaka da bayanan unguwannin da 'yan asalin Japan suke, aka tsare kusan mutum 120,000 a sansanoni. Wanda ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 a garin nan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Kuma ka duba abin da muke yi da hannunmu. Ka tuna mutanen da suka kafa teburi a bakin masallacinmu da sunan tallafi, suka karɓi suna da lambar waya da mazaɓa da hoton katin zaɓe, muka yi layi a rana har da tsofaffi? Ko mudun shinkafa ban gani ba. Da zaɓe ya matso sai ga saƙonni suna shigowa da cikakken sunana, har da sunan mahaifina da ban taɓa ba kowane ɗan takara ba, kuma har yau ba wanda ya faɗa mini wa ya miƙa wa wa takardar nan. Wanda ya jagoranci layin ma yana cikin zauren nan yana saurare, amma bari in bar wannan.

Ƙidayar da aka sa a watan Mayun 2023 aka ɗage, da na'urar hannu aka shirya yin ta, kuma bayanin da ya shiga na'ura ya fi na takarda saurin yawo, don haka wakilanmu a Abuja su nemi a faɗa musu a rubuce wa ke riƙe da shi da kuma wa ke da izinin buɗewa. Kai kuma Malam, ranar da suka zo, ka nemi katin shaidarsu, ka amsa abin da ke cikin fom. Duk wanda ya tambaye ka lambar asusun banki ko BVN, wannan ba ƙidaya ta kawo shi ba, ka kira mai unguwa. Wassalam.