Yadda ake ba furen okid taki idan an dasa shi a ƙwallayen yumɓu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da furen ado da ake kira okid, irin Phalaenopsis, da na cire daga ɓawon itace na mayar da shi cikin ƙwallayen gasasshen yumɓu da ake kira LECA, a tukunyar roba mai ɗan ruwa kwance a ƙasa. Duk mako ina jiƙa rabin cokalin shayi na takin 20-20-20 a lita ɗaya in zuba masa, idan ruwan ya ja baya kuma in ƙara. Yanzu wani farin abu ya fito a saman ƙwallayen, bakin saiwoyin kuma ya yi baƙi. Shin takin ne bai isa ba, ko in sauya wani? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Takin ya yi yawa ne, kuma yadda kike ƙara ruwan ya fi yawan takin yin ɓarna. Farin abin da kike gani kamar kanwa gishirin taki ne da ya bushe, shi ne kuma yake ƙona bakin saiwa, wanda a okid mai lafiya ake ganinsa kore shar yana sheƙi.

Wannan salon dashe, wanda wani Ba'amurke mai suna Ray Barkalow ya yaɗa shi a tsakanin masu renon okid, ya ginu ne a kan tukunya marar huda a gindi, sai ƙananan huji biyu a gefe, kimanin santimita 2 da rabi daga ƙasa. Ruwan da ya tsaya ƙasa da hujin shi ƙwallayen suke tsotsowa sama sannu a hankali. Idan ya iso sama sai ya bi iska, amma gishirin da ke cikinsa ba ya tafiya ko'ina. Saboda haka duk lokacin da kika ɗan ƙara ruwan taki a kan tsohon da ya rage, kina tara gishiri ne a kan gishiri, kuma abin ya fi tsanani da hunturu, lokacin da busasshiyar iska take shanye ruwan da sauri.

Lissafin ba shi da wuya. Lamba ta farko a jikin kwalin taki ita ce yawan naitirojin cikin ɗari, don haka giram 1 na 20-20-20 a lita ɗaya yana ba da miligiram 200 na naitirojin. Rabin cokalin shayi kuwa ya kai giram 2 zuwa 3, wato kina ba shukarki wajen miligiram 500 a kowace lita. Abin da ya dace da okid a wannan tsari, in ana sa taki a kowane ban-ruwa, shi ne miligiram 25 zuwa 50, wanda ya yi daidai da giram 1 a lita 8, ko a lita 4 lokacin da take fitar da sabon ganye. Kada ƙanƙantar adadin ta ba ki mamaki, domin a dajinta na asali, a Kudu maso Gabashin Asiya, Phalaenopsis maƙale take a jikin bishiya, abincinta ɗan abin da ruwan sama ya wanko daga ganye da ɓawo ne kawai. Ƙaramin sikelin da masu gwal suke amfani da shi ya fi cokali amfani a nan.

Game da sauya taki, ina ganin ya kamata, ko da yake ba shi ne na gaggawa ba. Ƙwallayen yumɓu ba su da abincin da za su ba shuka, duk abin da take bukata sai ya zo ta cikin ruwa, alhali galibin takin 20-20-20 ba shi da kalsiyam, kuma kaso mai yawa na naitirojin ɗinsa yuriya ce, wadda ta fi yin aiki a ƙasa mai ƙwayoyin halittar da ke narkar da ita. Takin da aka tsara a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, mai lamba 13-3-15, yana ɗauke da kalsiyam kashi 8 da magniziyam kashi 2, kuma an yi shi ne domin ruwan da ba shi da ma'adinai, irin ruwan sama. In bai samu ba, ki nemi duk takin da ake yi wa noman cikin ruwa wanda aka rubuta waɗannan biyun a jikinsa. Takin gona mai tsaba da kashin kaji ko na shanu kada su kusanci tukunyar, na farkon yana da ƙarfi ainun, na biyun kuma ruɓewa zai yi a cikin ruwan da ke kwance. Idan ruwan rijiyar burtsatse kike amfani da shi, ki duba butar dafa ruwanki. In farin abu kamar alli yana taruwa a cikinta, to ruwan yana da nasa kalsiyam, amma zai ƙara saurin taruwar gishiri, gara ki tari ruwan sama da damina ki ajiye.

Abin da za ki yi yau shi ne ki kwashe ƙwallayen saman da suka yi fari, ki jiƙa su a ruwa mai tsabta kwana ɗaya ko ki sa sababbi da aka wanke, sannan ki wanke tukunyar da ruwa zalla sau da yawa, ki dakatar da taki na mako biyu. Daga nan, duk sanda za ki yi ban-ruwa, ki cika tukunyar har baki a lokaci guda, ki bar ruwan ya kwarara ta hujin, ta yadda sabon zai kore tsohon gaba ɗaya, kuma sau ɗaya a wata ki yi hakan ba tare da taki ba. Bakin saiwar da ya ƙone ba zai warke ba, sai dai saiwar takan fitar da reshe daga gefe. Wasu tsofaffin saiwoyin da suka girma a ɓawon itace za su iya ruɓewa ko da kin gyara komai, domin ba su saba da danshi mai ɗorewa ba, don haka sababbin da suka tsiro a cikin ƙwallayen za ki riƙa dubawa kafin ki ƙara ma'aunin takin.