Nawa zai shigo hannuna bayan an cire haraji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na samu aiki a wani kamfani da ke Kakuri, kuma takardar ɗaukar aikin ta nuna albashin naira 250,000 a wata. Yayana da ke zaune a Amurka ya ce a can gwamnatin tarayya da ta jiha kowacce tana yankar nata harajin. Shin haka abin yake a nan? Ina so in san abin da zai shigo asusuna kafin in sabunta hayar gida, wadda nake biyan naira 400,000 a shekara.
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa albarka a aikin. Maganar yayanka gaskiya ce a yawancin jihohin Amurka, ko da yake akwai irin su Teksas da Fulorida da ba sa karɓar harajin albashi. A Nijeriya kuwa sau ɗaya ake cirewa. Dokar tarayya ce ke tsara kason, amma harajin ma'aikacin kamfani mazaunin Kaduna hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ake miƙa wa ta tsarin PAYE, wato kamfani ya cire tun kafin albashi ya iso gare ka.

A ƙarƙashin sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a kuɗin shigar shekara ba a taɓa su. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har wani ya ji tsoron ƙarin albashi don kada ya faɗa wani mataki. Wannan tsoro ba shi da tushe, domin kowane kaso yana hawa ne kan ɓangaren kuɗin da ya shiga matakinsa kaɗai, ba kan albashin gaba ɗaya ba.

Albashinka na shekara naira miliyan 3 ne. Idan duk kuɗin asalin albashi ne da alawus na gida da sufuri, fanshonka na kashi 8 zai kama naira 240,000, kuma ba a ɗora masa haraji. Doka ta kuma ba ɗan haya sassaucin kashi 20 na hayarsa, wato a rage shi daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, amma sassaucin ba zai wuce naira 500,000 ba. A wajenka naira 80,000 ne. Saura naira 2,680,000. A fitar da 800,000, a ɗora kashi 15 kan 1,880,000, harajin shekara ya zama naira 282,000, wato 23,500 a wata. Idan aka haɗa da fanshon 20,000, abin da zai shigo asusunka naira 206,500 ne, sai dai in akwai kuɗin asusun gidaje na ƙasa ko na inshorar lafiya ko na ƙungiyar ma'aikata.

Abin da nake roƙonka, kada ka yi sakaci da rasidin haya, domin sassaucin ba ya zuwa da kansa, sai ka bayyana hayar da hujja. Da wannan sassauci, naira 12,000 ne a shekara, wato kashi 15 na 80,000 ɗin, zai tsaya a aljihunka. Ka kuma nemi takardar bayanin albashi daga ofishin kuɗi kowane wata, ka tabbatar harajin da fanshon da aka cire sun isa inda aka ce an kai su.