Amsa: Me ya sa furen kabewa ke zubewa ba ya kama ɗa?

Ɗan'uwa, ka ce kabewarka tana ta fure amma yana zubewa. Kwantar da hankalinka. Fure iri biyu gare ta, namiji da mace, kuma namijin ke fara fitowa, shi dama ba ya haihuwa. Duba gindin furen: in ka ga ɗan kumburi kamar ƙaramar kabewa, macen ce. Sai ƙudan zuma ya kwaso garin nan rawaya daga namijin ya shafa a tsakiyar macen, garin ya tsiro da siririn bututu har ya iske ƙwayayen ciki, sannan ɗa ya kama. In ƙudan ya yi ƙaranci, tsinko namijin da sassafe ka goga shi a tsakiyar macen da hannunka, don safiya ɗaya furen ke buɗewa. Don Allah ka daina feshi lokacin fure, yana kashe ƙudan.