Tambaya da Amsa: Ƙosan Birazil da Garin Kwakinsu

TAMBAYA: Na ga hoton wani ƙaton ƙosai da aka tsaga aka cusa masa haɗi, aka ce abincin Birazil ne kuma da manja ake soya shi. Na gwada, sai ya sha mai ya wargaje a kasko. Ina kuskurena? Daga wata uwargida a Zariya.

AMSA: Hajiya, sunansa akaraje, kuma gidansa birnin Salbado na jihar Bahiya. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai shi can, sunan ma daga akara na Yarbawa ya samo asali. Mata masu fararen kaya ke soya shi a bakin titi, kuma a 2005 aka sa sana'arsu cikin al'adun gado na ƙasar.

Waken irin namu ne, fari mai baƙin ido. Ki jiƙa rabin kilo, ki surfa, ki wanke har ɓawon ya fita tas. A markaɗa da albasa babba guda ɗaya, ruwan kada ya kai rabin kofi. A nan aka fi yin kuskure: akaraje ya fi ƙosanmu girma sosai, don haka ƙullu mai ruwa ba zai riƙe jikinsa ba. Ba a sa attarugu a ƙullun, gishiri kawai, shi ma sai dab da suya.

Sai bugu. Ki ɗauki muciya ki yi ta bugawa kamar minti 15, har ya yi fari ya tashi. Ɗiga kaɗan a kofin ruwa. In ya taso sama, ya bugu. Iskar da ta shiga ce ke sa cikinsa laushi.

Manjan ya yi zurfin da ƙosan zai yi iyo. In bai yi zafi ba ƙosai zai sha mai, in kuma ya fara hayaƙi zai yi ɗaci. Matan Bahiya kan jefa albasa guda cikin man. Ki mulmula ƙullun da manyan cokula biyu, kowane gefe minti 3 zuwa 4, kada ki cika kaskon.

Haɗin cikin, batapa, burodin da ya kwana ne da ake jiƙawa a madarar kwakwa, a markaɗa da gyaɗa, kashu, citta da busasshen jatan lande, a tuƙa da manja har ya yi kauri. Ana ƙara kuɓewa, yankakken tumatir da yaji.

TAMBAYA: Garin kwaki zai yi farofa, soyayyen garin rogon nan na Birazil? Daga wani magidanci a Maraɗi.

AMSA: Zai yi, Malam, ai rogon ma daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo mana shi. Ka zaɓi farin gari marar tsami sosai. Soya albasa ɗaya a man shanu cokali uku, zuba gari kofi biyu da gishiri, ka rage wuta kana juyawa har ya yi launin zinariya. Da ka daina juyawa ƙasan zai ƙone. Mutanen Birazil kan sa naman alade, amma ƙwai biyu ko kilishi da aka daddatsa ya wadatar. A barbaɗa kan shinkafa da wake a ci nan take, kafin ya sha romo ya yi laushi.