Amsa: yaran shago sun ƙi manhajar lissafi

Alhaji, ka ce ka sa manhajar lissafi a shagonka na sarin kayan masarufi, amma yaranka shida sun koma littafi, wai tana ɓata musu lokaci. Kafin ka kira shi taurin kai, tsaya a bayan kantar shagon da agogo lokacin da ciniki ya yi zafi. In rasit na biro daƙiƙa 30 yake ci, na manhaja kuma minti biyu, to suna da gaskiya.

Yawanci daga shigar da kaya ake samun cikas. Taliya iri ɗaya an ba ta suna uku, ko an shigar da sabulu a katan alhali dozin-dozin ake sayarwa, sai lissafin sito ya ƙi daidaita, yaro ya sha faɗa a banza. Zaɓi kaya 50 da suka fi tafiya, a gyara sunansu da farashinsu, a nuna wa manhajar guda nawa ne a katan. Sauran su biyo baya. Ka kuma tabbatar tana aiki ko babu intanet, kwamfutar na kan inbata, akwai takardar rasit a ajiye.

Sai abin da ba za su faɗa maka ba: tsoro. Manhaja tana nuna wa ya sayar, nawa, ƙarfe nawa. Mai ɗora ɗan wani abu a kan farashi, da mai ba abokin cinikinsa bashi a ɓoye, duk sun san asiri zai tonu. Ku rufe shago yini ɗaya a ƙirga kaya kaf, ka ce giɓin baya an yafe, daga yau ake lissafi. Kowa da lambar sirrinsa. In suka haɗa ɗaya, ba ka da wanda za ka tambaya. Watan farko kada a cire wa kowa kuɗi saboda kuskuren dannawa.

Babban yaronka a koya masa shi kaɗai, tun kafin sauran. Ba zai yarda ƙannensa su ga yana lalube ba, kuma in ya ƙi, kowa ya ƙi.

Kada ka sake farawa a cikin azumi ko dab da salla. Littafi da manhaja su tafi tare mako biyu kawai, sannan ka ɗauke littafin. Kai ma da yamma ka daina cewa a kawo littafi, ka buɗe rahoton ranar a gabansu.