Ma'anar sunan Alekzanda da asalinsa

Malam, ka tambayi ma'anar Alekzanda, da ko daga tatsuniyoyin Girka ya fito. Kalmomin Girkanci biyu aka haɗa: "alekso", wato kare ko tunkuɗe farmaki, da "andros" daga "aner", namiji. Ma'anarsa ke nan mai kare mazaje.

A tatsuniyar, laƙabin Faris ne, ɗan Firiyam sarkin tsohon birnin Taroya, wanda ɗauke Helen, matar wani sarkin Girka, da ya yi ya haddasa yaƙin Taroya. An ce tun yana yaro makiyayi a dutsen Ida ya fatattaki ɓarayin shanu, sai aka laƙaba masa sunan.

Amma sunan ya girmi rubutaccen labarin. Wajen 1280 kafin haihuwar Annabi Isa, Muwatalli na biyu, sarkin Hitiyawa, wata tsohuwar al'umma a ƙasar Turkiyya ta yau, ya ƙulla yarjejeniya da wani sarkin Wilusa mai suna Alaksandu, kuma masana da yawa na ganin Wilusa ita ce Taroya.

Sunan Iskandar da muka sani shi ne dai Alekzanda. Larabawa sun ɗauki "Al" ɗin farko tamkar "al" ta Larabci, sai ta yanke. Daga nan aka sami Iskandariyya ta Masar, wadda Alekzanda na Makidoniya ya kafa a 331 kafin haihuwar Annabi Isa.