Yarona ya nace sai LEGO mai motsi, in karɓi na hannu ko in haƙura?

Tambaya daga wata uwa a Gwammaja: Salam malam, ɗana ɗan shekara 12 ya addabe ni sai na saya masa kayan haɗa mutum-mutumi irin wanda yake gani a YouTube. Wani ya kawo min LEGO Mindstorms EV3 na hannu, kuɗin ba kaɗan ba, ƙanena kuma ya ce in bar shi in sayi Arduino ya fi araha. Dan Allah wanne ya fi?

Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya mana shi. A taƙaice in dai EV3 ɗin lafiyarsa ƙalau kuma kuɗin ba zai taɓa cefane ba toh ki karɓa, amma kar ki biya ko sisi sai an gwada a gabanki, dalili kuwa kamfanin LEGO na ƙasar Denmak ya daina yin Mindstorms tun ƙarshen 2022. Sun fara a 1998 da RCX, sai NXT a 2006, EV3 ɗin nan kuma na 2013 ne, kinga kenan duk abin da ya lalace a ciki ba shiga Sabon Gari za ki yi ki samo ba, sai an yi oda daga waje kuma shi ma na hannu.

Gwajin ba wuya, ko kwamfuta ba a buƙata. A zuba batir AA guda 6 a cikin ƙwaƙwalwar, wato farin akwatin nan mai ɗan allo, amma kafin nan a leƙa gidan batirin, in kika ga farin gari ko tsatsa a jikin ƙarafunan an taɓa barin batir ya zube a ciki kenan, wannan kaɗai ya isa a rage kuɗi. A danna maɓallin tsakiya, yana ɗan jimawa kafin ya tashi kar ki ɗauka ya mutu ne. Gefe ɗaya akwai ramuka huɗu masu A zuwa D na injinan da ke juya taya, ɗaya gefen kuma 1 zuwa 4 na sensa, wato ƴan na'urorin da ke gane abin da ke gabansu. A allon akwai wurin da aka rubuta Port View, yaron ya jona sensa ya riƙa matso da tafin hannunsa yana janyewa, in lamba tana canzawa toh tana gani. A bi ramukan takwas ɗaya bayan ɗaya, na sensa da sensa, na injina da inji, don mai sayarwa zai gwada miki ɗaya ne ya ce shikenan. Wayoyin ma a ƙirga su, suna kama da na tsohuwar tarho ta gida amma harshensu a gefe yake, ta kasuwa ba za ta shiga ba.

Ƙanenki fa bai yi ƙarya ba, Arduino ya fi araha nesa ba kusa ba, mu ma da shi muke yawancin aiki, a Italiya aka ƙirƙiro shi a 2005 kuma yanzu kwafinsa na Sin ya cika duniya. Sai dai wa zai zauna da yaron? Arduino Uno ƙaramin allon lantarki ne tsirara, ƙafarsa ɗaya, wato ramin da ake jona waya, ba a so a ja fiye da miliamfiya 20 daga gare ta, yaro kuwa abu na farko da zai yi shi ne ya jona inji kai tsaye ya ƙone ta, dole sai an sa wani allon a tsakani irin L298N, shi ma yana shanye wajen bolt 2 na wutar, sai ki ga mota ta ƙi tafiya yaro yana ta canza kodin, wato umarnin da ya rubuta mata, alhali batir ne bai isa ba. In kawun nasa zai ba shi yammacin Asabar kowane sati, bismillah. In kuwa shawara ce kawai ya bayar ya kama gabansa, a kwalin ƙarƙashin gado Arduino ɗin zai ƙare. Akwai na tsaka-tsaki, mBot na kamfanin Makeblock, cikinsa Arduino ne amma da sukundireba ake ɗaure shi ba ruwan yaro da dalma, umarnin kuma tubala ne masu launi ake jerawa kamar na Scratch, manhajar koya wa yara ba kwamfuta umarni.

Duk wanda kika ɗauka, aikinsa na farko ya zama mota mai bin layi. Ya samu baƙin tef na masu wayarin ya zagaya shi a kan farar takarda babba, in EV3 ne ya ɗora sensar launi a kan fari ya rubuta lambar da ta nuna, ya ɗora a kan baƙi ya rubuta, misali 80 da 10, tsakiyarsu 45 kenan. Sai ya ce mata in kin ga sama da 45 karkata hagu, in ƙasa ne karkata dama, za ki ga tana tafe tana rangaji a bakin layin kamar ɗan koyon keke. Irin ranarmu ta Kano kuma tana ruɗa sensa, abin da ya yi daidai a ɗaki in an fito da shi tsakar gida da azahar sai ya rikice, a sake aunawa kawai. Lokacin hunturu a riƙa goge idon sensar da tayoyin don ƙura tana sa su santsi a kan tayil.

Zai buƙaci laftof ko da tsohuwa ce, sannan ki haɗa masa da batir masu caji da cajarsu tun ranar farko, na yau da kullum ba sa jimawa a injinan nan. Ƙananan giyoyin nan masu haƙora da ƙusoshin roba kuma a zuba su a roba mai murfi a ɗora saman wadirob in akwai mai rarrafe a gidan.